Murafun Aro

"Umma, waɗannan ɓarayi ne?"

Da ƙarfi Laila ta yi tambayar, yadda 'yar shekara huɗu take yi, har da nuni da ɗan yatsa. Samari ne a ƙofar gidan, sun sa dogayen ƙarafa suna banƙare murafun simintin da aka rufe lambatun layin da su, suna kinkima suna lodawa a bayan tsohuwar motar meri, wato hukumar gari. Khaula ta kama yatsan 'yarta ta sauke, amma maganar ta riga ta kai kunnen mutumin da ke tsaye a kansu da riga mai ruwan lemo. Musye Olivier ke nan, mai kula da ayyukan meri a wannan ƙaramin gari da ke kan hanyar Garwa zuwa Bibemi.

Ya yi dariya, ya share gumi da bayan hannu. "Madam, 'yarki akwai baki."

"Riga ni kawai ta yi," in ji Khaula. "Ina za ku kai su?"

"Layin bayan kasuwa. Gobe da safe sufurefe, wakilin gwamnati, zai karɓi aikin can."

"To na nan fa?"

"Na nan ai an karɓa. Ba ki ga an yanke ƙyalle da safe ba? C'est fini."

"An karɓa, shi ne za ku buɗe mana ramin?"

"Aro ne, Madam. Provisoire. In aka zuba wasu, za a kawo muku naku."

"Katakan da kuka kwashe mana fa?"

"Suna meri. Mai so ya je ya nema."

Tun cikin sanyi aka haƙa wannan lambatu a Layin Rijiya, daga bakin kwalta har ƙarshen gidaje. Zurfinsa ya kai ƙirjin babban mutum, faɗinsa ya fi tsallen yaro, ga rodi an bari a tsaitsaye a gefunansa kamar haƙoran taje. Tsakaninsa da katangun gidaje 'yar tazara ce da ba ta wuce sawun mutum ɗaya ba. Kowane gida ya samo katako ya gitta a ƙofarsa, kuma wata da watanni Khaula ba ta bar Laila ta taka nasu da ƙafarta ba, a kafaɗa take tsallakar da ita. Sai shekaranjiya mota ta zo da murafu, aka jera su reras, aka kwashe katakan mutane wai kada su ɓata hoton manya. Yau da hantsi aka kafa rumfa, aka kawo 'yan makaranta da tutoci, magajin gari ya ɗaura ɗamararsa mai launi uku, aka yanke ƙyalle, aka tafa.

Wadda ta fi kowa murna a wurin ita ce Mama Angèle, maƙwabciyar Khaula ta katanga ɗaya. Kirista ce daga duwatsun wajen Kolofata, ta sauko garin nan tun ba a haifi Khaula ba, tana tuyar ƙosai da makala, irin fanken nan, a zaurenta. Hayaƙin shekaru ya ci idanunta. Da rana tana ganin mutum dishi-dishi, in kuwa rana ta haske mata fuska ba ta ganin komai, da ƙafa take gane layin. Da aka yanke ƙyallen nan ta hau kan murfin ƙofarta ta taka rawar mutanen dutse, tana buga diddige, mata suna guɗa.

"Yau ƙafata ta samu ƙasa!" ta ce. Ta juyo wajen Khaula. "Ke 'yata, saki ƙawata ta yi gudu. Kin riƙe yarinya kamar kazar sayarwa."

Ita ce ta faɗo wa Khaula a rai yanzu, da ta ga an ɗaga murfin ƙofar Mama an bar ramin hangame. Ta ɗaga murya ta kan katanga. "Mama! Mama, kada ki fito, sun buɗe lambatu!"

Shiru. Sai wata mata daga tsallaken layi ta ce, "Ai ta tafi inji da wake tun ɗazu."

Khaula ta waiga. Ga Mama Angèle can tafe daga wajen kwalta, kwanon ƙullu a ka, ranar la'asar ta daki fuskarta sosai. Tafiya take da ƙarfinta, irin tafiyar da ta yi wata da watanni ba ta yi ba, don a kan siminti ta fita, a kan siminti take tsammanin komawa. Direban ya riga ya ta da mota, ƙararta ta cika layin. Khaula ta ƙwala kira har muryarta ta tsage. Ramin yana tsakaninsu, hannun Laila yana cikin nata a bakinsa, babu damar saki, babu damar tsalle.

Ƙarar kwanon aka fara ji.

Olivier ne ya fara dira cikin ramin, ba za a hana shi wannan ba. Yana ta cewa "Mon Dieu, mon Dieu," shi da samarinsa suka ɗago ta, ƙullu da baƙar laka da jini sun haɗe a zanenta. Babu wata mota a layin sai tasu. Aka shimfiɗa tabarmar Khaula a bayanta. Haka aka kai Mama Angèle asibitin garin, kwance a kan murafun ƙofarta. Suna sauke ta, motar ta wuce layin bayan kasuwa, don a jera kafin magariba.

Daga nan aka wuce da ita Garwa, inda 'yarta Nadine take kitso a wani shago. Likitoci suka ce ƙashin ƙugu ya karye, rodi ya yaga cinya, kuma ƙazantar lambatu ta shiga ciwon. Mijin Khaula, Ridwan, yana can Bogo wajen sayen albasa, saboda haka ta dama kunun gyaɗa, ta zuba a fulas, ta ɗauki Laila suka shiga mota. Zafin watan Afrilu a Garwa ba ya bukatar a ba wanda ya sani labari. Fankar ɗakin tana juyawa ba iska, Nadine tana yi wa uwar fifita da kwali.

"Wa nake ji? Ƙawata ce?" in ji Mama Angèle. "Zo nan, mai bakin tsiya. An ce ke kika kira mutanen meri ɓarayi."

Laila ta ɓuya a bayan uwarta.

"Ya jikin, Mama?"

"Jam, 'yata, jam. Wai in je Yawunde su sa mini ƙarfe a ƙugu. Na ce musu useko, na gode, ƙarfen meri da ya shige ni ya ishe ni."

Nadine ta yi dariyar da ta ƙare da hawaye. Ta ja Khaula waje ta gaya mata gaskiya: zazzaɓin ya ƙi sauka, ƙafar ta fara baƙi, kuma tsohuwar ta rantse ba za a yanke mata komai ba, gida take so.

"Daga meri wani ya zo?" Khaula ta tambaya.

"Musye Olivier ya zo da lemo. Ya ce in gaya wa Mama a ransa bai ji daɗi ba." Nadine ta share ido da bakin zane. "Na ce ya shiga ya gaya mata da kansa. Ya kasa."

Da aka dawo da ita gida, sai da maza suka cire ƙyauren ɗakinta suka gitta kafin a iya tsallakar da ita. A lokacin kowa a layin ya sake neman abin gittawa, wani guntun kwano, wani reshen darbejiya, wani ya hau kilando, wato acaɓa, har meri neman katakonsa aka ce masa an yi benci da shi. Khaula kuwa ta sa wa ƙofarta sakata daga sama, inda hannun Laila ba ya kaiwa. Yarinyar ta yi kuka, ta yi bori, ta gaji, ta koma leƙen layi ta kafar ƙofa.

Kullum da azahar Khaula tana shiga wurin Mama, ta taya Nadine juya ta, ta jiƙa tsumma ta goga mata a goshi. Ɗakin yana warin magani da tsohon man tuya. Kaskon ƙosai yana kife a lungu, gizo-gizo har ya fara saƙa a jikin matsami. Matan cocinsu suna zuwa su yi waƙa a hankali da harshen dutse, Khaula tana gefe tana nata addu'o'in a zuci.

Ranar ƙarshe, da la'asar sakaliya, Mama ta buɗe ido ta ce, "'Yata, kina nan?"

"Ina nan, Mama."

"Ina ƙawata?"

"Tana gida. Na kulle ta."

Tsohuwar ta ja numfashi da ƙyar. Khaula ta zaci faɗa za ta yi mata kamar yadda ta saba. Sai ta laluba ta kama hannunta.

"Kin kyauta. Ba ki ji ƙamshin ba? Ruwa ya kusa. In ramin nan ya cika, mai ido ma ni zai zama." Ta haɗiye yawu. "Nadine, ba ni ruwa."

Kafin Nadine ta dawo da moɗa, hannun da ke riƙe da na Khaula ya saki. Khaula ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ita ce kalmar da ta zo bakinta. Ta miƙa hannu ta rufe idanun.

Aka kai gawar ɗakin ajiya a Garwa, kamar yadda suke yi, har dangi su sauko daga dutse. A cikin kwanakin jiran nan ne Khaula ta ji majalisar gari za ta zauna, kuma doka ta yarda kowa ya shiga ya saurara. Ta yi makaranta har aji na uku a sakandare, Faransanci ba zai gagare ta ba. Ta yafa mayafi, ta saɓa Laila, ta tsallaka.

A barandar meri ta tarar da Hadje, konseyen unguwarsu, wato kansila, babbar mai sayar da atamfa, wadda a gabanta aka yi sunan Khaula.

"A'a, 'yata, ke ce a nan? Lafiya?"

"Hadje, lafiya ke nan? Mutum ya mutu a ƙofarmu."

"Allah ya ba mu haƙuri. Wallahi na ji ciwo, ƙosanta muka ci ni da yarana." Ta ja ta gefe ta rage murya. "Ki fahimci yadda abin yake. Lambatu uku aka ba mu, kuɗin da ya rage bai isa murafun layi uku ba, na layi ɗaya aka zuba. In ba a karɓi aiki kafin wa'adi ba, kuɗin ya koma inda ya fito, mu tashi a tutar babu. Shi kuma mai karɓa ba zai sa hannu a kan rami buɗe ba. To sai a yi dabara. Ba yau aka fara ba."

"Shi mai karɓar bai sani ba?"

"Yana da ido, 'yata. Akwai murfin da ya gutsure a gefe, a kowane layi sai ya taka shi."

"Hadje, kuma kina ciki ake wannan?"

"Ni hannu ɗaya gare ni a cikin hannuwa da yawa. Ki zauna a baya, ki yi shiru. Jama'a kunne ne nasu a nan, ba baki ba."

Khaula ta zauna a bencin baya, ta ɗora Laila a cinya. Ta duba bencin da kyau, ta ga tabon shuɗin fenti a gefensa. Katakon gidan tela ne na layinsu.

Aka fara. Aka daɗe a kan awakin da ke yawo a kasuwa, ko a kama su a ɗaure a meri ko a ci masu su tara, wani konseye ya ce to wa zai ba su ciyawa, aka yi dariya. Aka koma kan rigunan 'yan kilando, ko ruwan ɗorawa ko kore, har mutum biyu suka miƙe suna nuna juna da yatsa, ɗaya da Faransanci ɗaya da Fillanci. Aka amince a yi wa dandalin bikin ranar ƙasa, ashirin ga Mayu, sabon fenti. Aka amince a sayo kujeru masu hannu don zauren, saboda na yanzu suna sa ciwon baya. Kowane batu magajin gari ya ce "Wa ya yarda?" sai hannuwa su tashi kamar dawa a gona. Daga ɗakin gefe ƙamshin soyayyen kifin Binuwai yana shigowa, an kawo abincin rana.

Can wajen ƙarshe, a cikin abin da suke kira batutuwa daban-daban, magajin gari ya gyara murya ya ce an yi rashin wata baiwar Allah a Layin Rijiya sakamakon hatsari, a tashi a yi shiru na minti ɗaya. Aka tashi. Wayar wani ta yi ƙara, ya fita da gudu. Aka zauna.

Sai ya karanto shawarar kwamitin ayyuka. Murafun Layin Rijiya za a sa su a kasafin baɗi. Kafin nan, don kare rayukan jama'a, za a kafa allo a bakin layin, a rubuta "Attention, travaux", wato a kula ana aiki, da jan fenti. Za kuma a tura tawaga ta yi ta'aziyya ranar jana'iza, a ƙarƙashin mataimakinsa.

Mataimakin ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ta ina tawagar za ta shiga gidan? An ce ƙyaure aka gitta."

"Olivier ya kai murfi biyu da safe. Washegari ya kwaso, akwai karɓar layin makaranta. Wa ya yarda?"

Hannuwa suka tashi. Na Hadje ya tashi rabi, ya tsaya a daidai kafaɗa, amma an ƙirga shi.

Khaula ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Da Hausa ta yi maganar, don Faransancin ya gudu daga kanta.

"Ranka ya daɗe, allon nan wa zai karanta? Wadda ta mutu ba ta gani. Wannan da ke hannuna shekararta huɗu, ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Yaran layinmu sun fi yatsun hannuna da na ƙafata. Hadari yana haɗuwa kullum. Baɗi kuka ce? Su zauna a kulle har baɗi?"

"Madam, ba ki da izinin magana."

"Ba izini na zo nema ba, murfi na zo nema. Kun kawo mana, mun gani, mun tafa muku. Ita har rawa ta yi muku a kai!"

"A fitar da ita, don Allah, a hankali. Tana cikin jimami."

Ɗan sandan meri ya matso yana sunkuyar da kai, yaron unguwarsu ne. "Adda, useni, don Allah," ya ce a hankali, "kada ki ja mini." Ta fita da ƙafarta. A bayanta ta ji ana jan kujeru, an tashi cin kifi.

Ranar jana'iza da sassafe motar meri ta zo, aka ajiye murfi biyu a ƙofar Mama Angèle, aka share su da tsintsiya. Aka kafa allon ma a bakin kwalta, fentinsa bai bushe ba. Da hantsi aka kawo akwatin daga Garwa, maza shida suka tsallaka da shi a kan simintin ba tare da ko tangaɗi ba. Mataimakin magajin gari ya zo da furannin roba, ya yi jawabi cewa marigayiya uwa ce ga gari duka, ya rungumi Nadine, aka ɗauki hoto. Da azahar aka fito da akwatin, mutanen coci da mazan layin, Musulmi da Kirista, suka bi shi zuwa maƙabarta.

Matan Musulmi ba sa bin gawa, saboda haka layin ya rage daga su sai yara. Khaula ta tsaya a ƙofar tana kallon murafun nan biyu. Sai ta miƙa Laila ga matar tela, ta nufi shagon kayan gini da ke bakin kwalta.

"Siminti nake so, rabin buhu. Yaya ake kwaɓawa?"

Mai shagon ya dube ta sama da ƙasa. "Madam, Ridwan ya san za ki fara gini?"

"Zai sani. Yaya ake kwaɓawa?"

"Yashi uku, siminti ɗaya. In kina so ya kama kamar dutse, ki yi biyu da ɗaya, ki riƙa yayyafa masa ruwa."

Ɗan kilando ya kawo mata buhun. Yashi kuwa ga shi nan tsibi, ragowar na ɗan kwangila. Da matan layin suka gane abin da take nufi, ba wadda ta tambaye ta komai. Wata ta kawo daro, wata ta kawo tsohuwar fartanya, wata ta ja ruwa a rijiya. Babu mai cokalin magini, da murfin tukunya da hannu suka yi aikin. Suka cusa kwaɓin a ƙarƙashin gefunan, suka cike tsakanin murafun biyu, suka lulluɓe kunnuwan ƙarfen da ake sa sanda a ɗaga, har suka ɓace. Simintin ya ci tafin hannun Khaula, ya tsattsage mata yatsu, ba ta tsaya ba.

Masu jana'iza suka dawo suka tarar da su dumu-dumu. Nadine ta tsaya da baƙaƙen kayanta tana kallo. Ta shiga gida ta fito da buta, ta durƙusa ta fara yayyafa ruwa a kan ɗanyen simintin.

Washegari da hantsi motar ta dawo. Matan layin suna zaune a gefen murafun a kan tabarmi, suna ɓarar gyaɗa, kamar can ne wurin zamansu tun fil azal. Olivier ya sauko, ya duba, ya cire hularsa ya mayar.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce," in ji Khaula.

"Madam, kayan hukuma ne. Kin san abin da ake yi wa wanda ya lalata kayan hukuma?"

"Ban lalata ba. Na ajiye su a inda aka ce nasu ne. Da idona na ga an yanke ƙyalle a nan."

Ɗaya daga cikin samarin ya zura ƙarfensa, ya nemi kafa ya rasa. "Shef, ya kama. In muka matsa, karyewa za su yi."

"Gobe ake karɓar layin makaranta," in ji Olivier, kamar da kansa yake magana. "Za su kasa biyu. Me zan sa a wurin?"

"Ka tsayar da mataimakin magajin gari a kai," in ji matar tela, ba ta ko ɗago daga gyaɗarta ba. "Da faɗinsa zai rufe."

Matan suka kwashe da dariya, har samarin suka juya baya suna ƙunshe tasu. Olivier bai yi dariya ba. Ya dubi ƙofar gidan, inda Nadine take tsaye da buta a hannu, ya kawar da kai da sauri.

"Za a aiko miki da sammaci, Madam."

"A aiko. Wanda zai kawo ya biyo ta nan, ta nan ne kawai ba zai faɗa ba."

Ya hau mota, suka tafi da ƙarafansu. Da Ridwan ya ji labari a waya, faɗa ya fara yi, wai ta ja musu rigima da hukuma alhali rumfarsa a kasuwar meri take. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce masa ya dawo ya ga ramin da idonsa, in ya so ya buɗe wa 'yarsa ƙofa da hannunsa.

Nadine ta koma Garwa, ta sa wa gidan uwarta kwaɗo. Ba a daɗe ba ruwan farko ya sauka, irin mai iska, ya wuni yana zuba. Da ya ɗauke, Khaula ta zare sakata ta leƙa. Babu lambatu a Layin Rijiya. Ruwa ne ja ya kwanta daga katanga zuwa katanga, lumui, ba ka bambance inda ƙasa take da inda ramin yake. Katakai da rassan da mutane suka gitta duk sun yi iyo sun tafi. Allon meri ya kife a bakin kwalta, akuya tana tsaye a kansa.

Da safe ruwan layin ya janye, na ramin kuwa yana nan cike fal har baki. Ƙofofi suka fara buɗewa. Yara masu kayan makaranta suka fito, kowane da babba a bayansa, suka manna kafaɗa da katanga, suna bin 'yar tazarar nan ɗaya bayan ɗaya, daga sama da ƙasan layin, zuwa ƙofar da ke da kwaɗo. Khaula ta bi sahu, Laila a gabanta, ta damƙe wuyan rigarta. Da suka iso kan murafun ta tsaya, ta saki rigar. Yarinyar ta tsallaka da ƙafarta, a hankali, ta juyo tana jiran uwarta a ɗaya gefen.

Har yau sauran ramin a buɗe yake. Saboda haka kai mai karanta wannan, in hanya ta kawo ka Layin Rijiya da damina, kada ka yarda da ruwan da ka ga ya kwanta a gindin katanga. Ka wuce har ƙofar kwano mai kwaɗo, wadda ba mai shiga ba mai fita, can kaɗai ake tsallakawa. In kuwa ka zo ka tarar an rufe lambatun duka, an share, an kafa rumfa, to ka riƙe hannun ɗanka da kyau, kada ka sake shi har ka bar layin.